Dutsen da Ya Ƙi Wuta

Kan tsauni, 4 ga Yuni

Yaya Murjanatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidan da yara. Ki gaida Baba ko da ba zai amsa ba.

Sai wasiƙa, don waya a nan agogo ce kawai. Kwana biyu muka yi muna hawa, jakuna ɗauke da kaya. Yaya, gajimare shigowa yake cikin tantina ba sallama, ya jiƙa bargo ya wuce. In rana ta keto, gefen tsaunin sai ya kama ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Abin da kamfani ya turo mu nema ke nan: ƙarfe gauraye da titaniyom, wani ƙarfe mara nauyi da ake ƙera jirgin sama da shi.

In na buga guduma a dutse, sai in ji kamar maƙerarmu ta Zango ce ke amsawa, in tsaya ina saurare har abokan aiki su yi mini dariya. Kin san al'adar gidanmu: ranar da uba ya yarda ɗansa ya zama maƙeri, yakan ƙera masa awartaki da hannunsa. Cikin 'yan'uwanmu, Hussaini ya samu, Ya'u ya samu. Ni da na bar zugazugi na tafi karatun duwatsu, shekara shida ko sunana bai ambata ba. Abin yana cina, ba zan ɓoye miki ba.

Ga wani baƙin dutse nan direban kamfani zai kawo. Naki ne, ki tokare ƙofa da shi.

Ƙanenki,
Mahdi

Zango, 20 ga Yuni

Mahdi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta zauna, gero ya kai gwiwa.

Mai kwana da gajimare, dutsenka ya jawo magana. Baba ya zo duba ni ya yi tuntuɓe da shi, ka san idon ya yi rauni. Ya ɗauka ya jinjina, ya lasa. Can ya ce, "Wa ya kawo tama gidan nan?" Na faɗa masa. Sai ya saka shi a aljihu, har rigar ta karkace.

Yanzu gini yake yi a bayan maƙera, tanderun laka na narka tama a fitar da ƙarfe, irin na kakansa. Ya aika ɗana Babban Mutum a kawo gawayin ƙirya. Wai tun yana yaro rabonsa da ganin ƙarfe ya fito daga dutse, rayuwarsa duk ta ƙare a dukan tsohon ƙarfen sifirin mota. Sai ka gan shi zaune yana shafa dutsen yana murmushi shi kaɗai.

Allah ya tsare. Ka riƙa cin abinci.

Yayarka,
Murjanatu

Kan tsauni, 3 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Don Allah ki hana shi! Wannan ba tamar kakanni ba ce. Titaniyom ɗin da ke ciki ba ya jin wutar gawayi, sai dai ya daskare ya toshe tanderun. Zai ji kunya a gaban maƙera, ya ce ko dutsena ma taurin kai gare shi. In haka ta faru, na rasa shi ke nan.

Mahdi

Zango, 22 ga Yuli

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ta iso an riga an hura wuta. Sau biyu abin yana daskarewa kamar tuwon jiya, 'yan kallo suka watse. Sai na yi ta maza na karanta masa.

Ya ce, "Maimaita, me Mahdi ya ce yana ciki?" Ka ji fa, da bakinsa ya kira sunan. Na maimaita. Ya gyaɗa kai ya ce, "Shi ne. Na ji baƙo a ciki tun da na lasa, ban dai san sunansa ba. Yaron ya san dutse."

Ya daka ragowar dutsen, ya ƙara farar ƙasa, Hussaini da Ya'u suka wuni suna zuga. Da la'asar aka fasa tanderun, ga ɗan ƙarfe kamar ƙwan agwagwa. Kwana biyu yana dukansa bai bari kowa ya leƙa ba. Na yi kuka, ban san dalili ba.

Ƙunshin da ke cikin ambulan nasa ne, takardar kuma shi ya faɗa na rubuta.

Murjanatu

Mahdi,

Assalamu alaikum. Ƙarfen bai isa ba, hannu ɗaya na awartakin ya fitar. Ga shi nan.

Ɗayan yana cikin tsauninka. Kada ka ba direba, ka kawo dutsen da kanka, kai za ka zuga mini. Ka hanzarta, idona ba zai jira wata damina ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Audi Maƙeri