Zabirar da Na Ƙi Ɗauka

Zuwa ga mahaifina, Malam Ilu Wanzami,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗa ga uba, ko da yake na san inda kake ba a amsawa.

Baba, wani littafi ne ya hana ni sakat. Wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa na tsince shi, ko bango ba shi da shi. Tarihin wani likitan fiɗa ne ɗan Sikotland. Wata biyu ina fama da shi da ƙamus, ka san Turancina na tsintuwa ne. Kakansa likita, ubansa likita, ƙannensa ma haka. Tun yana yaro yake riƙe wa ubansa kwano in ana aiki. Ya bi sojoji yana ciro harsashi, ya dawo gida ya koyar har ya tsufa.

To ni ma ai na riƙe maka kwano! Na wanke ƙaho, na wasa aska. Shi an yi masa littafi guda, kai shekara arba'in kana kaciya da cire belu, ko layi ɗaya babu. Haushi ya kama ni, na rasa wa zan zaga. Sai na tuna ni ne na ce maka a bainar jama'a wanzanci aikin jahilai ne, na taho Masar. Ko ɗago kai ba ka yi ba, ka ci gaba da wasa askarka.

Ranar Juma'a aka yi sunan ɗan abokina Nura a unguwar Hayyin Ashir, nan Masar. Mai aski Bamisire ya zo da inji mai ƙara, uwar jaririn ta ce khalas, ba dai a kan ɗanta ba. Kowa ya juyo yana kallona, don sun san ni ɗan wanzami ne. Na buɗe baki zan yi masifa, sai ga reza a hannuna. Na jiƙa kan da ruwan ɗumi. Da na zo maɗiga na ji muryarka: “Nan babu ƙashi, ko numfashi a hankali.” Ko ƙwarzane bai samu ba.

Ƙaninka Baffa Sule ya aiko: in ban dawo kafin babbar sallah ba, wani bare za a ba zabirarka. In dawo? In zauna? Wallahi ban sani ba. Sau biyu na sake bin littafin nan, bai faɗi ko likitan ya taɓa son guduwa ba.

Na dai roƙi Baffa ya riƙa shafa wa askar mai, kada ta yi tsatsa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe min abin da bakina ya yi maka.

Ɗanka mai tsiwa,
Habu