Kawu Ya Ce Duk Ɗaya Ne

Zuwa ga ɗan'uwana, abokin tagwaitakata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ko da yake wadda ya ba ka ma ta ishi mutum biyu. Inna tana nan da sauƙi, gwiwa ce kawai ke damunta. Uwar yara tana ta fama da ni, Allah ya saka mata. Hoton da ka turo ya iso, ga ka gaban ofishinku kana ta sheƙi, wuya ya yi kauri.

Ni kuwa ciwon ƙodar nan ya kai ni ga wanki. A zaunar da ni a kujera, a soka allura, inji ya yi ta juya jinina har in ji jiri. Ruwan sha ma sai an auna mini a ɗan kofi. Rannan abin ya ishe ni, na tambayi likitarmu yadda aka yi mutum biyu suka kwanta ciki ɗaya, kamarsu ɗaya har Inna na rikita su, amma ɗaya yana nan garau, ɗaya ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi. Ta ce ƙwayoyin halittar da muka gada iri ɗaya ne, ba ta musa ba. Amma wai rayuwa tana bin su tana sa musu alama, ta kunna wasu ta kashe wasu, kamar gida biyu da aka yi wa waya iri ɗaya, kowanne da fitilun da aka kunna. Ta ce sukarin jinina da ya daɗe yana hawa ban sani ba yana iya barin irin wannan alama, ko da an shawo kansa daga baya, ƙoda ba ta mantawa. Ta ƙara da zafin tanderun burodi, da ƙin shan ruwa, da maganin ciwon jiki da nake watsawa kamar gyaɗa, ta ce duk sun taimaka.

Tana bayani, ni kuwa Kawu kawai nake gani. Ka tuna, ni ya zaɓa zai tafi da shi makaranta, saboda na fi ka lissafi, kai ma ka sani. Ranar tafiya aka aike ni kai burodi, mota za ta tashi, Baba ya ce a jira ni, Kawu ya ce ai duk ɗaya ne, a ba shi wanda ke kusa. Har takalmina ka saka ka tafi, mara kunya! Ni aka bari a gidan burodin Baba, bakin wuta tun asuba, ina kora yunwa da shayi mai sukari cokali cike. To, ga shi likita ta ce ba duk ɗaya ba ne.

Wallahi ina kishinka, ba zan ɓoye ba. Ina kishin yadda kake ɗaga kofi ka shanye ba wanda ya ƙirga maka. Ina kishin fitsarinka ma, kai ka ji inda ciwo ya kai mutum. Abin da ya ƙarasa ni shi ne Auta. Ta ga hotonka a wayar uwarta, ta ruga tana nuna wa yaran maƙwabta, wai ga Babanta kafin ya yi ciwo. Ban gyara mata ba. Na shiga ɗaki na ja ƙofa.

Yanzu ga abin da nake ta kewayewa. Likita ta ce dashe shi ne mafita, kuma a duniya ba ƙodar da jikina zai karɓa kamar taka, in gwaji ya nuna ba za ka cutu ba. Na tambaye ta ko ƙodar da ta saba da sanyin ofis za ta iya zama a jikin mai gasa burodi. Ta yi dariya, ta ce in na bar bakin wuta na kiyaye sukari, za mu shirya. Na so in haɗiye maganar nan don girman kai, uwar yara ta ce in ban rubuta ba ita za ta rubuta. Ba bashi nake binka ba, ba kai ka hana motar jira ba. Ka yi shawara da matarka, kai ma kana da masu kallonka.

Ka gaishe ta da kyau, da babban ɗanka, da 'yan matan. Inna tana gaishe ka, ita ba ta san na roƙe ka ba. In ka je wajen Kawu, ka ce ina gaisuwa, kar ka karanta masa wannan, ya tsufa.

In za ka iya, ka zo a gwada ka. In ba za ka iya ba, ka zo dai hakanan, ka ɗauki Auta a kafaɗa ka zaga da ita layi. Ni na daina iya ɗaga ta, ita kuwa ba za ta gane bambanci ba sai ta sauko.

Naka,
wanda aka aika kai burodi.