Katakon da Na Bari a Al Warsan

Al Warsan, Dubai
14 ga Janairu, 2019

Zuwa ga Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Ni lafiya ta ƙalau. Mijinki Halliru ma jiki da sauƙi, jiya har ya riƙe kofin shayi da hannun da kansa.

Yaya, a kan hannun nan nake rubuto miki. Ya ce miki ƙofar mota ce ta datse masa yatsu. Ba ƙofa ba ce, ni ne.

Maigidanmu, wani Balarabe, yana da tirela mai ɗaki a ciki, har da gado da kicin, wadda wuyanta ke hawa bayan a-kori-kura. Lokacin sanyi muna kai masa ita cikin rairayi ya huta da iyalinsa. Aikina shi ne idan an tsaya in sa wa tayoyi weji, in sauke ƙafafun jak na gaba, in shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa, sannan a zare mota. Daga nan in daidaita ta kaɗan-kaɗan. Kwalbar ruwa nake kwantarwa a tsakar ɗakin, idan kumfar iskar ta tsaya a tsakiya, to ta zauna daidai. Halliru har tsokanata yake, wai injiniyan kwalba.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, katako ɗaya na samu a mota. Ɗayan ni na ɗauke shi na ɗora risho a ɗakinmu saboda tukunyar tuwo na rawa, na manta ban mayar ba. An yi ruwan sama kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi tauri a ido. Na taka na ji kamar siminti, sai na sauke ƙafar hagu a kan yashi tsura. Bayan kamar rabin awa na leƙa ciki, na ga kumfar ta gusa kamar faɗin yatsa. Yaya, na gani da idona, kuma na san ma'anarsa. Amma maigida ya iso yana ta yalla yalla, wato a yi sauri, yara na son shiga, sai na ce a raina bari su zauna tukuna in gyara. Ina can ina sauke kujeru, Halliru ya durƙusa yana haɗa bututun ruwa, hannunsa a kan akwatin kayan aiki ƙarƙashin gaban tirelar. Ƙafar ta nutse lokaci guda. Yatsu biyu suka karye.

A asibiti ya hana ni buɗe baki. Ya ce wa maigida laifinsa ne, shi ya shiga ƙasa bai duba ba. Da muka fito ya ce mini idan aka kori ƙanin matarsa, da wane ido zai kalli Inna, kuma wai yatsu takwas sun ishe shi cin tuwona mai gudaji. Na yi dariya, amma tuwon nan bai ƙara yi mini daɗi ba.

Da a nan ta tsaya, wataƙila da na ci gaba da shiru. Amma shekaranjiya ina wanke mota na ji maigida yana gaya wa ɗan'uwansa cewa Halliru ba ya kula, idan bizarsa ta ƙare a watan Maris, khalas, zai sallame shi. Shekara bakwai yana aikin nan ko madubi bai taɓa fasawa ba, kuma shi ya kawo ni.

Don haka gobe bayan sallar azahar zan ɗauki katakon in kai wa maigida. Tabon risho na nan a jikinsa, baƙi, zagaye, ba sai na yi dogon Larabci ba. Halliru bai sani ba, kuma ina roƙonki kada ki kira shi a kan wannan sai jibi, don zai hana ni.

Ki yafe mini, Yaya. Ki gaida Inna, da Kawu Dikko, da Muhsinat da Fahad. Inna kuma kada ki gaya mata komai tukuna. Idan kuka gan ni a Kano kafin azumi, ni zan faɗa mata da bakina.

Ƙaninki,
Rilwanu