Wanda Ya Hango Kututture

Yelwa, Yawuri

Ƙanena Saminu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Kaduna, ya fama da kwamfuta? Inna tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoto.

Allon da ka tsara mana an kafa shi a asibitinmu, a bangon ɗakin masu jin jiki sosai. Masha Allah, bugun zuciya, numfashi, hawan jini na kowane gado, duk ga su wuri guda. Amma kai ɗan nan, lamba ka sani, ba ka san mutane ba!

Ka tuna Yakubu mai jirgi, wanda ke tsallakar da mu kasuwar Wara? Jirginsa ya kife, an tsamo shi ya sha ruwa har huhu. Yana wurinmu a kan oksijin. Kowace safiya muna taruwa gaban allonka mu yanke shawara: a riƙe shi nan, ko a kai shi Sakkwato inda ke da injin numfashi. Hanya ce mai nisa. In an yi gaggawa a wahalar da shi a banza, in an makara kuwa sai dai Allah ya kyauta.

Likita Philip ya dubi allo, ya ga lambobin Yakubu kore ne, alamar ba matsala, ya ce, "Akwai mai magana?" Duk muka ce, "Babu, likita." Muna fita sai Loveth, ƙaramar nas ɗinmu, ta ja ni gefe: "Anti, wallahi numfashin nan bai yi mini ba. Da kafaɗa yake jan iska." Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce ita wa, a gaban manya? Na kai wa likita maganar ya sake dubawa, amma ba kullum nake bakin aiki ba. Tsoro nake ji, Saminu.

Yayarka,
Ramatu

Kaduna

Yaya Ramatu,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da girmamawa. A gaya wa Inna hoton ne ya yi ƙarya.

Na sha faɗanki, kuma na karɓa. Da farko na so in ƙara wasu lambobi, sai na ga babu na'urar da ke auna abin da Loveth ta gani. Sai na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, in mun shiga tafki. Kin san kututturan itatuwan da ruwan dam ya shanye, masu fasa jirgi. Yakan ce, "A tudu akwai babba da yaro. A kan ruwa kuwa, wanda ya hango kututture shi ne babba."

Don haka na sa wani maɓalli a wayar kowane ma'aikacinku. Wanda hankalinsa bai kwanta da wani gado ba ya danna, gadon ya koma ruwan ɗorawa a allo, ko da lambobinsa kore ne. Ba ya nuna suna. Ba ya gogewa sai an je bakin gadon an duba tare. Ki nemi amincewar likita kafin a fara.

Allah ya ba Yakubu lafiya. A huta lafiya.

Ƙanenki,
Saminu

Yelwa

Saminu,

Sallama da gaisuwa. Ashe dai akwai ƙwaƙwalwa a wannan ƙaton kan naka!

Likita Philip dariya ya yi, ya ce shi ma ya gaji da jin "Babu, likita." Ranar Laraba ina hutu, na raka Inna wajen suna a Shanga. Da na dawo aka ba ni labari. Ana tsaye gaban allo sai gadon Yakubu ya koma ɗorawa. Likita bai tambayi wa ya danna ba, ya ce kowa ya biyo shi. Suka yaye bargo, suka tarar haƙarƙarinsa na shiga ciki da kowane numfashi, zufa ta jiƙe shi. Lambobi ba su faɗi ba tukuna, amma ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Nan take suka haɗu a kan a tafi da shi.

Yana Sakkwato, an sa masa injin. Matarsa Dije tana can, ba ta ci ba ta sha. Ni ma zuciyata na can. Ka taya mu addu'a.

Yayarka,
Ramatu

Yelwa

Ƙanena,

Sallama. Albishirinka! Yakubu ya dawo da ƙafarsa. Ya ba wani direban Kaduna busasshen kifi ya kawo maka, kada ka cinye kai kaɗai.

Ga wani kuma. Jiya da safe, a kan wata mai jego da aka kawo daga Ngaski, likita ya ce, "Akwai mai magana?" Na ga Loveth ta ciro waya, ta dube ta, ta mayar aljihu. Sai ta ce, "Akwai, likita."

Allah ya yi maka albarka.

Ramatu