Minti Biyun da Yaya Ta Ba Ni

Laraba da dare

Yau Yaya Hadiza ta kira bayan la'asar. Wata biyu ke nan tana cikin jirgin ruwan makarantarsu, saura kwana huɗu su gama tafiyar karatun. Sun tsaya a wani ɗan tsibiri na awa uku kacal. Ƙawayenta suka bazama kasuwa, ita kuwa ta yi ta bin bakin ruwa har ta sami rezo, wato sabis ɗin waya, a kan wani dutse, don kawai ta ji muryarmu. Kai, Yaya daban ce!

A gidanmu waya daga babba take farawa. Baba ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji, ya gaisa, Inna ta yi kukanta, sannan Kaka ta riƙe: "Ke Dije, in ko'ina ruwa ne, a ina suke noma? Alƙibla fa, kin gane ta?" Ni auta ina raɓe jikin ƙofa, ina tsoron kada a kira su jirgi ban samu ba. A littattafan soyayyata kullum sai an tsaya bakin teku, ni kuwa tafki kawai na sani.

Da wayar ta iso hannuna Yaya ta ce, "Auta, yi sauri, saura minti biyu." Cikin kunya na ce, "Yaya, wai wane irin kuka teku yake yi?"

Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce, "Saurara," ta yi shiru. Shuuu, ya zo, ya koma, kamar numfashin mai barci.

Baba ya ce, "Layin ya lalace, kashe."

Ban taɓa yi masa musu ba sai yau. Na ce, "A'a Baba, teku ne." Na riƙe har ta katse.