Ingilishin Baba Arzika

Dogon Dutsi, daren Laraba

Barci ya ƙi. Gobe da asuba Baba Arzika zai ƙetare iyaka zuwa Kangiwa, ya roƙi Baturen can ya sako mishi jakkansa da aka kama da gujiya. Ba ya yarda da tafinta, ya ce da bakinsa zai yi magana. Ni kuwa na sa mishi maganar a baki.

Tun girbi nake koya mishi Ingilishi bayan na tashi daga lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, da tsohon littafin labarin nan da na samo a Sakkwato. An ce marubucinsa babba ne a ƙasar masu harshen. Shi kaɗai gare ni, ni ma cikinsa na koya.

Ɗazu muna bita a zaure, wani baƙo direba daga Argungu ya saurara, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, wannan ai Ingilishin kakannin kakanninsu ne. Masu yinsa duk sun mutu."

In Baturen ma ya yi dariya fa? In ya ɗauka ba'a ake mishi? Jakkan nan su ne abincin gidan Baba gaba ɗaya.

Na ce ma Baba ya haƙura ya nemi tafinta. Ya gyara rawani, ya ce, "Ɗana, in maganar tsofaffi ce, ai tsoho zai faɗe ta. Wanda ke da kaka zai ji kunyata."

Ya tafi hankali kwance, ya bar ni da juyi bisa tabarma. Allah ya sa Baturen nan kakarsa ta rene shi.