Rigar da Kika Wanke

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake gudu in fake idan rana ta take, ruwan randa a bakin mai ƙishi, gwanar da allura da zare ke yi wa biyayya,

Ina gaishe ki daga ƙasar mutane, daga ɗakin otal da aka yi domin mutum biyu, mu kuwa aka zuba mu ciki kamar kifin gwangwani. Kin toshe lambata, don haka na ari biro wurin mai gadi. Zan ɗauki hoton takardar nan in tura wa ƙanwarki ta nuna miki. Ki karanta har ƙarshe, ko da kina harararta.

Na karanta saƙonki na ƙarshe. Kin ce in rabu da ke tun kafin a yi nisa, tunda abokaina sun yanke hukunci ke ce mai farar ƙafa, kada ki ja mini asara a gida kamar yadda kika ja wa ƙungiya a fili. Ke? Ke da ko tsumma ya ratsa hannunki sai ya yi kyau?

Bari in gaya miki abin da kunya ta hana ni faɗa. Mu magoya baya muna da doka: muddin ƙungiya na cin wasa, ruwa ba ya taɓa rigunanmu. Ana tashi daga fili kowa zai tuɓe tasa sharkaf da gumi, a cusa su cikin buhu guda, Ciyaman ɗinmu ya ɗaure bakinsa sai wasa na gaba. Wai sa'a ce ke kwance a ciki. Tun farkon kakar wasa muke ci, to ki ƙiyasta da kanki. Da tawa ta yage a hammata, sai da na yi rantsuwa kafin ya bar ni in fito da ita. Na kawo miki shago, na tsaya gaban kekenki, bakina ya kasa furta cewa ni ƙato da gemuna ina bauta wa dauɗa.

Kin tuna ranar da na zo karɓa? Kin miƙo mini ita a ninke, an wanke, an goge, an turara. Kika ce kekenki ba ya cin ƙazanta, kuma ba za ki bari mijin da za ki aura ya shiga ƙasar wasu yana warin akuya ba. Kika yi dariya har tef ɗin awon da ke wuyanki ya zame. Gabana ya faɗi, amma da na kai rigar hancina sai na ji duniya ta yi mini daɗi, na yi godiya na tafi.

Tafiyar kuwa, Allah ya raba ki da irinta. Na'urar sanyin motar ta mutu tun kafin mu ƙetare iyaka, tagogi ba sa buɗuwa, buhun nan yana bayan kujerata yana numfashi. Jami'in kan iyaka da ya kwance shi don bincike ya ja da baya yana tofar da yawu, ya yi mana alama da hannu mu wuce. 'Yan uwana suka yi ta tafi, wai sa'a ta fara aiki.

A filin wasa aka kora mu wani lungu da aka kewaye da waya, can sama inda ake hango 'yan wasa kamar tururuwa. 'Yan sanda suka ƙwace sandunan kiɗa, na koma dukan gangata da tafin hannu. Ban ɗakin wurin ba zan kwatanta miki shi ba, don ina son ki ci abinci yau. Masu gida suna jifan mu da robobi, kuma abin da ke cikin wasu robobin ba ruwan sha ba ne. Duk na jure. Na jure ɗan gabanmu da ya samu raga a buɗe ya aika ƙwallo wajen tsuntsaye. Na jure golanmu da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa yana gyaran safar hannu. Aka lallasa mu, muka fito kamar kajin da ruwa ya daka.

Abin da na kasa jurewa a mota ya faru. Mai busa mana kakaki ya sunkuyo ya shinshina kafaɗata, ya ce yana jin turaren mata, lallai budurwata ta wanke rigar. Nan take aka manta da gola, aka manta da ɗan gaba da kocin da ya yi ta hamma a benci. Manyan mutane, masu 'ya'ya, masu furfura, suka taru a kan sunan yarinyar da ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba. Ciyaman ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, ya tura wa mutanen gida, har ya iso gare ki. Raina ya ɓaci, zuciyata ta tashi fiye da yadda buhun ya taɓa tayar da ita. Shekarun da na yi ina fasa murya tare da mutanen nan, ashe hankalinsu a cikin buhu yake!

Hasken gidana, yau da hantsi suka tafi kallon atisaye, na ce kaina na ciwo. Na jawo buhun zuwa ban ɗaki, na cika kwamin wanka da ruwan zafi, na juye garin sabulu, na zazzage rigunan duka. Na naɗe wando na shiga da ƙafa ina tattakawa. Ruwan farko baƙi ƙirin ya fito, na biyu kamar kunun ƙasa, sai da na yi amai kafin ya fara haske. Na shanya su reras a barandar otal, ta Ciyaman a gaba, inda za su hango tun daga bakin titi.

Sun hango. Mai kakaki ya zauna a ƙasa ya dafe kai, Ciyaman ya karɓe gangata ya ce kada in ƙara kiran kaina ɗan ƙungiya. Yanzu ba mai yi mini magana, katifata ma a bakin ƙofa take. Gangar nan ina son ta, ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye da aka fita da ita.

Gobe akwai wasa na biyu, kuma da riguna masu tsabta za su shiga. In sun ci, bakinsu ya mutu. In an ci su, ga wanda ya wanke sa'ar gaba ɗaya da ƙafafunsa, a gabansu yake, sai su zage shi har iyaka. Ko ta ina aka bi, sunanki ya fita daga bakinsu.

Saura naki hukuncin, raɓar safiyata. Kada ki bar maganar masu bautar gumi ta raba mu. Ki buɗe lambata ko da zagina za ki yi, muryarki nake nema. Jibi motarmu za ta iso, kuma ba mai zuwa tarbata. Zan sauko ni kaɗai in nufi shagonki, in tsaya a bakin ƙofa har ki ɗago kai.

Naki, a ci ko a sha kashi, har numfashina ya ƙare,

Makaɗinki da ba shi da ganga.